Miyar 'Ya'yan Zogale da na Koyo a Indiya

Tun da muka dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa a Makarfi, a gidajen biki, har a cikin mota idan za ni Ikara, sai an samu wadda za ta matso ta ce, "Malama Rakiya, wai da gaske ne rawa suke yi a titi?" Wasu kuma ƙamshin da ke tashi daga kicin ɗina ne ya dame su, suna so su ji me nake ƙonawa. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta zo jin labarin rawa ta yi haƙuri, wata biyu na yi a can ban ga mai rawa ko ɗaya ba. Tukunya na gani, da asibiti, da wani dattijo mai taurin kai wanda shi ne mahaifina.

Baba manomin barkono ne a Saulawa. Ciwon zuciya ya kwantar da shi, likitoci a Zariya suka ce sai an yi aiki, dangi suka haɗa kai aka tsayar da shawara a kan wani asibiti a birnin Chennai. Ni aka zaɓa na raka shi saboda ina jin Turanci, kuma saboda girki. Ba yabon kai ba ne, in ana biki a danginmu ni ake miƙa wa ludayi. Don haka da Inna, mahaifiyata, ta ce abin da ke damunta shi ne me zai ci a can, dariya na yi na ce ta bar wannan a hannuna.

Ba ta bari ba. Ta ɗaure mana kuka, da daddawa, da garin dawa, da busasshiyar kuɓewa, gwaggona ta Kudan ta aiko da mazarƙwaila. Kafin tafiya aka ce sai an ɗiga mana maganin shan-inna, irin wanda ake bai wa jarirai. Baba ya kalli ma'aikaciyar ya ce, "'Yar nan, shekara saba'in da ɗoriya ina yawo da ƙafafuna, yanzu ne shan-inna zai tuna da ni?" Ya dai buɗe baki.

Yayana Shehu ne ya kai mu filin jirgi a Kano. Taya ta yi faci a Tashar Yari, muka yi tsaye a bakin titi mai faci yana aikinsa kamar ba gobe za a yi ba, ni ina duba agogo, Baba yana tambayar wani mai rake yadda damina ta yi musu. A cikin jirgi ya ƙi taɓa abincin da aka kawo, ya ce abin da aka rufe da takarda mai ƙyalli magani ne, ba abinci ba. A Addis Ababa muka canza jirgi, masu bincike suka zubar masa da ruwan buta, ya yi ta mita har muka tashi.

Da muka sauka Chennai wani jami'i ya buɗe jakar Inna. Ya shinshina kuka, ya ɗaga kafaɗa. Ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya har ya bugi teburin da ke bayansa. Na yi masa bayani iyakar Turancina, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina ya kauce. Mazarƙwaila ce ta cece mu. Yana ganin ta ya yi murmushi ya ce su ma suna da ita, kakarsa ma tana dafawa a ƙauye. Ya rufe jaka ya ce mu wuce.

A waje kuwa kekunan nan masu ƙafa uku ne ko'ina, ga zafi, ga hon, sai ka ce Kano. Abu ɗaya ya ba ni wahala: in ka tambayi mutum, sai ya karkaɗa kai gefe da gefe. Sau uku ina barin mai keke ina tsammanin ya ƙi, yana bin mu a baya yana mamakin abin da ya yi mana.

Masaukinmu wani gida ne kusa da asibiti, inda ake bai wa masu jinya hayar ɗaki. Ɗakinmu yana baya, da ɗan kicin da risho mai gas. Masu gidan suna gaba, tsakar gida ta raba mu: wata dattijuwa mai suna Kamala, da mijinta, tsohon malamin makaranta. Ranar da muka zo mijin ya miƙo mini wata takarda, na sa hannu ban karanta ba, don idona a rufe yake da gajiya. Baba ya leƙa banɗaki ya ga famfo a gefen masai, ya ce mutanen nan dai suna da hankali.

Likita ya duba shi ya ce ba zai taɓa shi a haka ba. Ya rame, jininsa ya yi ƙasa, sai ya ci abinci ya yi ƙarfi. Ya ba mu mako uku, in gwaji bai yi kyau ba a ɗage aikin, bizarmu kuma tana da iyaka. Sannan ya jero abin da aka hana: gishiri sai ɗan mitsitsi, babu magi, babu kanwa, babu manja, man gyaɗa ma sai kaɗan, babu jan nama. Abincin asibiti kuwa Baba ya riga ya rantse ba zai ci ba.

Na ce abu mai sauƙi. Na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kaɗa miyar kuka yadda likita ya ce. Baba ya yi loma biyu ya ture kwano.

"Rakiya, ruwan wankin tukunya kika kawo mini?"

Washegari na yi miyar kuɓewa, ya kalle ta ya juya fuska bango. Na yi fate, na yi kunu, na yi shinkafa da wake. Kwana huɗu bai ci abin da zai ƙosar da yaro ba. A nan na gane cewa rabin abin da ake yabo a hannuna magi ne da man gyaɗa, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Rana ta biyar Kamala ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ga tuwon da nake zubarwa kullum. Ta miƙo mini wani kwanon silba mai murfi, da shinkafa a ganyen ayaba, ta nuna ɗakin Baba da haɓa. Miya ce mai ruwan ɗorawa, da wasu korayen sanduna a ciki tsawon yatsa. Na kai masa don kada a ce na raina. Ya ɗauki sanda ɗaya ya tsotsa, ya fito da ɓawon ya duba.

"Wannan ai ɗan zogale ne. Abin da ke bushewa a dangarmu, awaki ma sai sun ga dama."

Ya sake ɗaukar wani. Kafin na dawo daga kicin ya share kwanon da yatsa. Na ɗanɗana abin da ya rage a murfi: gishirin bai fi nawa ba, mai kusan babu, amma ga tsami, ga ƙamshi, bakinka ba ya neman komai. Na yi murna, na kuma ji kishi, duka biyun a lokaci ɗaya.

Daga nan kullum kwano yana zuwa. Yau kabewa, gobe yalo, jibi kuɓewa soyayya wadda ba ta da yauƙi ko kaɗan, abin da har yanzu in na faɗa a Makarfi ba a yarda. Wata rana shinkafa ce da kindirmo, Baba ya ce ashe su ma suna da Fulani. Fuskarsa ta fara cika.

To, kun san mu. Ba a mayar da kwano wayam. Rana ta farko na sa mazarƙwaila, Kamala ta yi ta murna. Ta biyu dabino. Amma ina lura da abu ɗaya: duk abincin nan ban taɓa ganin tsoka ko ɗaya ba, ko ƙashi, ko kan kifi. Na ji ana cewa wasunsu ba sa cin nama, sai dai a wurinmu wanda miyarsa ba nama, ko dai babu ce ko likita. Na dubi tsohon fentin gidan, na dubi mijin da 'yar rigarsa ɗaya, na yanke wa kaina hukunci cewa rashi ne, suna rufa wa kansu asiri. Tausayinta ya kama ni. Na ce matar da ke ciyar da ubana daga ɗan abin da take da shi, sai na yi mata abin da ake yi wa surukai.

Na tafi unguwar Musulmi kusa da masallaci na sayo naman sa mai kyau. Na dafa shi har ya yi lugub, babu turmi na daka da gindin kwalba, na soya da citta da albasa. Yini guda na yi a tsaye. Na ga Kamala ta rufe tagoginta, na ce ko rana ce ta dame ta. Dambun nama ya fito wara-wara, irin wanda ko a Zariya za a tambayi wa ya yi. Na cika kwanonta har baki, na ɗauka da hannu biyu na kai.

Ta buɗe murfi tana murmushi, ta tambaye ni mene ne. Na ce naman sa ne, da hannuna na yi mata.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta je famfo ta wanke hannu har gwiwa, ta shiga ta rufe ƙofa. Can sai mijin ya zo ya tsaya daga nesa. Ya ce tun kakanninsu nama bai taɓa shiga gidan nan ba, ko ƙwai, kuma saniya a wurinsu kamar uwa ce. Kwanon na mahaifiyar Kamala ne, ba zai sake shiga kicin ba. Dokar hana dafa nama tana cikin takardar da na sa wa hannu. Ya ce ba za su tashe mu ba saboda mara lafiya. Ni dai ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba.

Kwano ya daina zuwa. Na sayo zogale da wake da hulba na gwada miyar da kaina, ta fito da ɗaci, Baba ya ture. Kwana biyu ya koma gidan jiya, saura kwana biyar a yi gwaji. Da ya tambaye ni ko matar nan ba ta da lafiya ne, na durƙusa na gaya masa komai, har da cewa ni da alheri na nufa.

Ya ce, "Da wani zai cika kwanon uwarki da naman alade ya kawo miki, ya ce da alheri ya nufa, ya za ki ji?" Ya ce, "Miƙo mini riga da hula."

Tsakar gidan nan ba ta fi taku ashirin ba, sau biyu ya tsaya yana haki. Ya cire takalmi a ƙofarsu, ya yi sallama kamar yana Saulawa, ya zauna a kan dakali. Da suka fito ya ce na fassara, kada na rage kada na ƙara.

"Gaya mata ban zo roƙon abinci ba. Ni na koya wa 'yar nan kada ta mayar da kwano wayam, ban koya mata ta fara tambaya ba. Laifin nawa ne. Ta ciyar da ni, mun saka mata da ɓacin rai. Ta yafe mana."

Na fassara. Kamala ta kalle shi, ta shiga ta fito masa da kujera da ruwa. Sannan ta juyo gare ni. Ta ce ba za ta sake aiko da kwano ba, domin ko ta aiko, za mu koma ƙasarmu, ita ba za ta bi mu ba. Gobe da safe na zo da sabuwar tukunya wadda ba ta taɓa ganin nama ba, na same ta a tsakar gida.

Ni da ake miƙa wa ludayi, haka na tsaya kamar amaryar da ba ta iya hura wuta ba. Ta dafa wani ƙaramin wake ɓararre da kurkur har ya narke. Ta jiƙa tsamiya ta tace, irin wadda mu sai a kunu muke sawa, ta dafa 'ya'yan zogale da albasa da tumatir a cikin ruwan. Ta gasa hulba da busasshen barkono da wasu ƙwayoyi a busasshen kasko ta niƙa, a nan na gane inda ɗacina ya fito, ni danƙa na zuba, ita da 'yan yatsu biyu take ɗiba. Na nuna mata ƙullin garin kori da nake saya a shago a gida, ta shinshina ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita ba ta san wannan ba.

Babban bambancin yana ƙarshe. Mu da mai muke farawa, mu cika tukunya mu soya kayan miya. Ita sai da komai ya dahu ta ɗora ɗan kasko, ta zuba mai cokali ɗaya, ta watsa wasu baƙaƙen ƙwayoyi suka fara fashewa ƙas-ƙas, ta jefa ganye da tafarnuwa, ta juye a kan miyar ta rufe da sauri. Da na ɗiga a tafin hannu zan ɗanɗana, ta buge mini hannu. A wurinta ba a ɗanɗana abinci a kan wuta, da hanci take aunawa.

Tukunyata ta farko Baba ya ci rabi. Ta biyu ya cinye. Ranar gwaji likita ya duba takarda ya ce a shirya shi. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a, bayan kwana takwas ya dawo masauki da ƙafarsa. Sauran makonnin na koyi miya kala shida. Kwanon nan kuwa har muka taho yana gindin wata bishiya ana zuba wa tsuntsaye ruwa, kullum na wuce sai na sunkuyar da kai. Ranar tafiya Kamala ta ƙulle mini ƙwayoyin nan a tsumma, ta kama hannuna da hannayenta biyu.

A Saulawa muka tarar gida cike. Inna ta yanka zakara, ta yi miyar taushe da man shanu yana iyo. Na fito da takardar likita na karanta mata, fuskarta ta canza. Na yi mako guda ni ke yi wa Baba girki. Da na ce ta matso ta ga yadda ake yi, sai ta ce, "Ni da na yaye ki, yau ke za ki koya mini abin da mijina zai ci?" Ta jawo kujera ta ba ni baya tana tsince shinkafa. Haka ta yi kullum har na koma bakin aiki. Na bar mata rabin ƙullin Kamala a kan randa, ba ta ko kalla ba.

A Makarfi na gano ba sai an je Indiya ba. Ranar kasuwa masu kayan ƙamshi suna da kurkur da hulba da citta da kirfa, wakenmu in an surfa shi ya yi daidai, tsamiya da zogale kuwa sai dai ka gaji da ɗiba. Maigidana ya ci kwana biyu yana leƙa kwano yana neman abin da ba a sa ba, sai na fara jefa masa kaza. Ni dai wadda na fi so har gobe ita ce ta zogale, sai ta yalo da gyaɗa. Amma hankalina yana Saulawa. Yaya Shehu ya kira ya ce Baba ya koma loma biyu, Inna tana kaɗa masa kuka babu gishiri, shi yana turewa, ita tana shiga ɗaki tana kuka. Na ji tsoro sosai, don likita ya ce aikin ba zai riƙe wanda ba ya ci ba, kuma ba zai riƙe wanda ya koma gishiri ba.

Ban samu tafiya ba sai Asabar. Na cika kula da miya, na hau mota zuwa Ikara, na hau mashin zuwa Saulawa, na isa gab da azahar. Tun daga waje na ga dangar zogalenmu an tsige ta tas, ga gora mai ƙugiya a jingine. Ina shiga zaure na ji ƙas-ƙas daga madafa, sai ƙarar juyewa, sai murfi.

Baba yana kan tabarma a inuwa. Inna ta fito ta ajiye masa tuwon dawa, ba shinkafa ba, da miya mai kauri wadda ta fi tawa duhu. Na durƙusa na gaishe su, ta amsa ba ta kalli kulata ba. Na ce, "Inna, wa ya nuna miki?"

"Don na ba ki baya sai aka ce miki ba ni da kunne da hanci? Sau uku na zubar kafin ta yi." Ta miƙo mini ludayi. "Matar nan ta iya, ba na ja. Amma ba ta san daddawa ba, kuma taki ruwa ta cika."

Na ɗanɗana. Gishirin daidai da takardar likita, man ma haka, kuma ta fi tawa daɗi nesa ba kusa ba. Baba yana ta tsotsar zogale yana tara ɓawo a gefen tabarma. Da ya gama ya turo kwano gaban Inna.

"A ƙaro."

Inna ta ɗauki kwanon ta tsaya riƙe da shi. Ta ce, "Rakiya, tun kafin damina rabon da na ji wannan maganar a bakinsa."

Na tura kulata bayan ƙofa, na wanke hannu, na zauna aka zuba mini nawa.